Tsohuwar Roba a Motar Auta

Janwe, motar jan motoci, ya ajiye abin da ya rage na motar Auta a bayan tasha, kusa da tulin tsofaffin tayoyi, direbobi suna kallonta daga nesa ba mai taɓawa. Wani tsohon direba ne, irin waɗanda hannunsu ba ya zama wuri ɗaya, ya leƙa ƙarƙashin bonet ɗin da ya lanƙwashe, ya zura hannu ya fito da rabin baƙar roba. Mazaunin inji ne, wato robar nan mai kauri da ake ɗaure inji a kanta don kada ya yi ta tsalle a cikin mota. Ya goge giris ɗin da aka lafta mata da bakin rigarsa. A ƙarƙashin giris ɗin, robar ta tsattsage kamar ƙafar mai kaushi.

Kowa a tashar ya san Auta ya sayi sababbin robobi fil 'yan kwanaki kafin ya mutu, domin Auta ko allura ya saya sai duniya ta gani. Kowa kuma ya san wanda ya ɗaura masa su: Bahago, bakaniken da rumfarsa ke bakin ƙofar tasha. Sauran bayanin bai yi wa kowa wuya ba. Tsohuwar roba ta tsinke a gangaren bayan gari, injin ya yi tsalle ya fizgi wayar totur ya tumɓuke tiyon birki, motar ta kwashi Auta da lodinsa ta daki kwalbati. To ina sababbin robobin suka shiga? Tasha ta yanke hukunci a tsaye: Bahago ya ɓoye su ya mayar da tsofaffi.

Kafin rana ta take an fasa wa Bahago baki. Ciyaman ɗin ƙungiyar direbobi ya ƙwace shi da ƙyar, ya tura shi ɗakin ajiya ya kulle, ya jefa makulli aljihu. Matasan direbobi suka kawo galan na fetur suka ajiye a gindin rumfar Bahago, suka zauna kusa da shi. Ciyaman ya roƙe su su bari sai yamma, sannan ya aika a kira Mai-Sawu.

Mai-Sawu yayan Auta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'arsa bin sawu: shanun da aka kora, ɓarawon da ya haura katanga, tsohon da ya fita bai gane hanyar gida ba. Labarin mutuwar a daji ya same shi yana bin wani garke da aka sace, aka ɗauko shi a babur, kuma tun da ya iso yake zaune kan tabarma a ƙofar gida yana amsa gaisuwa. Bai yi kuka ba. Ba dauriya ba ce, kukan ne bai zo ba. Ana kawo abinci ya ci, ana magana ya ce amin. Da ɗan aike ya durƙusa ya ce masa ba hatsari ba ne, kashe Auta aka yi, ya ɗan saurara ko zuciyarsa za ta tafasa. Ba ta tafasa ba. Ya jawo takalmansa ya saka.

*

Ya daɗe tsugune a gaban motar, mutane sun yi masa zobe. Bai san inji ba, amma ya san duk hannun da ya taɓa abu sai ya bar wani abu a kai.

A kan kowane noti na mazaunin injin akwai ɗan layin farin fenti, an ja shi daga kan notin zuwa jikin ƙarfen da yake riƙe. Sai dai layukan sun saɓa: rabin da ke kan noti yana kallon wani gefe, rabin da ke kan ƙarfe yana kallon wani. Ya kwanta ya leƙa ƙasan injin. A jikin kaskon da baƙin mai ke zama akwai loɓa zagayayyiya, sabuwa, da ɗan zane-zane a ciki kamar an danna murfin kwalba.

"Me ka gani?" Ciyaman ya tambaye shi.

"Ban sani ba tukuna. Buɗe mini shi."

*

Bahago yana zaune kan tsohon batir a ɗakin ajiya, leɓensa ya kumbura, idonsa ɗaya ya rufe. Da ya ga wanda ya shigo sai ya yunƙura zai miƙe.

"Zauna," Mai-Sawu ya ce. "Farin fentin nan na kan noti, na waye?"

"Nawa ne, babban yaya. Duk notin da na ɗaure sai na ja masa layi. In ya motsa, layin zai saɓa, in gani."

"Ya saɓa."

Bahago ya buɗe idon da ya rage masa. "To wani ya kwance bayana. Wallahi sababbi na saka masa, yana tsaye a kaina yana tsokanata wai da hannun hagu nake ɗaurewa, in injinsa ya koma baya ni ne."

"In za ka ɗaga inji, da me kake ɗagawa?"

"Da babban jak na rumfa. In ɗora katako a kai, sannan in tokari kaskon mai. Ba a tokara da ƙarfe tsirara, zai loɓa."

"Ya loɓa."

"Ba hannuna ba ne." Ya shafa kumburarren leɓensa. "Babban yaya, rumfar nan ita ce ni. Kayan aikin mahaifina ne a ciki. In suka ƙona ta, ko an sake ni ba a sake ni ba. Kuma da wane ido zan dubi Inna? A gidanku na ci, a gidanku na sha."

Mai-Sawu ya dube shi yana neman ya tsane shi, domin da ya samu wanda zai tsana da ya ji sauƙi. Abin da ya gani kawai mutum ne mai kumburarren baki.

A waje matasan ba su gamsu ba. Wani ya ce ai mai fenti shi ya fi kowa sanin yadda zai ɓata fentinsa. Mai-Sawu ya wuce, ya san maganar tana da ɗan ƙamshin gaskiya.

*

Mai sayar da kayan mota yana shagonsa, ya rufe rabin ƙofa saboda tsoron kada rigimar ta biyo ta kansa. Mutum ne da ko gaisuwa ka yi masa sai ya rantse.

"Na rantse maka sababbi na ba shi, a kwalinsu. Ga irinsu." Ya sauko da ɗaya daga kanta. Roba ce baƙa sumul, da ɗigon shuɗin fenti a gefe. "Duk masu ɗigon nan kayana ne, ni kaɗai na kawo su. Ka duba motocin tasha, inda ka ga ɗigon a motar da ban sayar wa ba, ka ga ɓarawonka." Ya rage murya. "Ni ban ce komai ba, amma Dogo motarsu iri ɗaya da marigayi. Kuma ka san sun yi cacar baki kan layin lodi."

Haka ne kuwa. Direbobin da motocinsu suka zo iri ɗaya sun saba juye kaya a tsakaninsu. Yau ka ari batir, gobe a ari tayarka, wani lokaci da izini, wani lokaci sai bayan an gama a gaya maka. Kafin Mai-Sawu ya isa wurin Dogo, rabin tasha ta riga shi, har wasu sun fara kallon galan ɗin fetur suna tunanin ko a sauya masa wurin zama.

Dogo bai yi gardama ba. Ya ɗaga bonet da kansa ya koma gefe ya harɗe hannu.

"Ku duba. Ku duba da kyau."

Robobin motarsa sun fi na Auta lalacewa, ɗaya ma da igiyar roba aka ɗaure ta. Ba ɗigon shuɗi ko na magani.

"Mun yi faɗa, ban musa ba," Dogo ya ce. "Ya ce mini raƙumi, na ce masa ɗan lelen tsohuwa. Washegari shi ya saya mini shayi. Haka muke. Yanzu da wa zan yi?"

Maigadin tasha ne ya ba da abin da ya fi amfani, shi ma sai da aka tambaye shi, domin shi a ganinsa aikinsa gadi ne ba magana ba. Ya ce ranar da ta zo kafin hatsarin, motar Auta ba ta zauna a tasha ba. Bayan la'asar Auta ya ja ta ya fita ba lodi, sai dab da magariba ya dawo da ita, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwar hannu.

"Ya ce maka daga ina yake?"

"Ban tambaya ba. Ruwa ya nema, na ba shi buta."

*

Matar Auta tana ɗakin Inna a gidan Mai-Sawu, domin tun rasuwar aka haɗa zaman makokin wuri ɗaya. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi sallama. Tana zaune ta jingina da bango, idanunta a bushe kamar nasa.

"Ranar da ta zo kafin abin, ina ya ce miki ya je da yamma?"

"Nan ya ce ya zo, Yaya. Gaishe da Inna."

Inna tana kwance kan gado da matashi a ƙarƙashin ƙugunta. Ciwon baya ya daɗe da kayar da ita, Mai-Sawu ne ke kai ta asibiti duk mako a motarsa.

"Ya zo," ta ce. "Kana daji. Ya zauna nan bakin gado yana ci mini gyaɗa, yana cewa na tsufa na bar shi da yaya mai fuskar shanu. Na ce masa shi dai ya yi ta surutu, ni motar yayansa za ta ƙarasa ni. Kafin mu kai asibiti ƙasusuwana sun gama gaisawa da juna. Ya yi dariya, ya ɗauki makullinka a ƙusa, wai zai duba mata ruwa." Ta juya fuska ga bango. "Ya daɗe. Da ya dawo da makullin har na yi barci."

Mai-Sawu ya dubi ƙusar. Makullin yana nan a rataye. Tun da ya dawo daga daji bai taɓa shi ba.

*

Motarsa tana rumfar kwano a gefen gida, inda ya bar ta. Tsohuwar motar Auta ce, shi ya bar masa ita lokacin da ya samu wata mai sauran ƙarfi, kuma iri ɗaya suke, inji ɗaya. Masu gaisuwa sun tattake ƙofar gidan har ba abin da za a karanta a ƙasa. Amma ƙarƙashin mota ba mai shiga ya yi ta'aziyya.

Ya durƙusa, ya kwantar da kumatunsa kusa da ƙasa yadda hasken yamma zai bi ta kan yashin.

Ga gindin ƙaramin jak, irin wanda direba ke ɗauka a mota, ya nutse a yashi. Ga ɗigon baƙin mai. Ga inda aka ajiye sifana, aka ɗauka, aka sake ajiyewa. A tsakiya kuma ga shatin mutum a kwance rigingine: faɗin kafaɗu, gurbin ƙeya, da ramuka biyu inda dunduniya ta tokare ƙasa lokacin da ake jan noti mai tauri. Dunduniyar dama ta fi nutsewa, ta karkata waje. Tun Auta yana rarrafe Mai-Sawu ya san wannan ƙafar. A kanta ya fara koyon bin sawu, lokacin da Inna ke aikensa ya nemo mata ɗanta a unguwa.

Ya zura kai ya dubi sama. Roba baƙa sumul, da ɗigon shuɗi a gefe. Ɗaya ɓangaren ma haka.

Ya zauna a ƙasa ya jingina da taya. Ba sai an yi masa bayani ba. Auta ya jera motocin biyu, ya cire sababbin daga tasa ya saka a nan, ya ɗauki tsofaffin ya mayar a tasa, ya lafta musu giris don kada Bahago ya gani ya yi masa faɗa. A ransa za su ɗan ƙara kai shi kafin ya sayi wasu. Duk direba ya taɓa faɗa wa kansa wannan maganar.

Mai-Sawu ya dubi yashin. Shara ɗaya da tafin ƙafa ta isa. Ba wanda zai zo neman ɗigon shuɗi a motar yayan mamaci. Tasha ta riga ta samu mai laifinta, tana murna da shi. Inna kuwa za ta mutu ba ta san kukan da ta yi da bayanta ne ya kwantar da autanta a ƙarƙashin motar nan ba. Ya ɗaga ƙafar, ya riƙe ta a sama har cinyarsa ta fara rawa. Sannan ya mayar da ita inda take, ya tashi ya shiga ɗauko makulli.

*

Rana ta yi sanyi lokacin da ya shigo tasha da motar. Matasan sun riga sun kwance murfin galan. Ya tsaya a tsakiyar fili, bai kashe injin ba, ya ce wa Ciyaman a fito da Bahago, a kira Dogo da mai kayan mota da maigadi.

Suka jeru kowa yana kallon ƙasa. Mai-Sawu ya fara da Dogo.

"Kai faɗa kuka yi, faɗan ya ƙare a kofin shayi. Koma cikin mutane." Ya juya ga mai kayan mota. "Kai kayanka masu kyau ne, bakinka ne ba shi da kyau. Ka ce inda aka ga ɗigon shuɗi an ga ɓarawo. Zo ka duba."

Ya ɗaga bonet. Mai kayan mota ya leƙa, ya ɗago, ya buɗe baki zai rantse, ya rasa a kan me. Mutane suka matso suna leƙe ta kafaɗar juna. Wani daga baya ya ce, "Motar Mai-Sawu ce fa."

"Tawa ce," ya ce. "Ina daji aka saka su. Maigadi ya ga Auta ya fita da motarsa ya dawo da baƙin hannu. Gidana ya je. Sawunsa yana ƙarƙashin rumfata, ban taɓa ba, duk mai so ya je ya gani. Jak ɗinsa ne ya loɓa kaskon mai, shi ya saɓa layin fentin Bahago, shi ya shafa giris. Ya cire nasa ya saka mini saboda bayan tsohuwarmu." Ya faɗi wannan da muryar da yake gaya wa mai shanu cewa garkensa ya tsallaka kogi. "Ba wanda ya kashe ƙanena. Ku rufe galan ɗin nan."

Ba wanda ya motsa. Mutum ya wuni yana riƙe da fushi, a ce masa ya ajiye, bai san inda zai ajiye shi ba. Daga ƙarshe Dogo ne ya taka ya ɗauki galan ɗin, ya murɗa murfin, ya tafi da shi bayan motarsa, bai dawo ba.

Bahago ya matso a hankali yana dafe da haƙarƙari. Bai dubi waɗanda suka doke shi ba. Ya miƙa hannu aka ba shi sifana, ya ce a kashe injin, ya sunkuya ya gwada notin farko, ya gwada na biyu, ya zagaya ɗaya ɓangaren. Ya daɗe a sunkuye fiye da yadda aikin ke buƙata.

"Ya ɗaure su tam," ya ce, bai ɗago ba. "Ya ma ƙara noti a kan noti. Ni na koya masa haka, na ce in motar wanda kake ji da shi ce."

Ciyaman ya share fuska da hularsa. "Bahago, mun zalunce ka."

"Kun yi," Bahago ya ce, ya miƙa wa mai sifana sifanarsa.

Mai-Sawu ya rufe bonet. Ya roƙe su abu ɗaya, kada maganar ta shiga kunnen Inna. Ciyaman ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa, amma shi ma ya san tasha, bakinta ba ya ɗinkuwa.

*

Ranar asibiti ta zo ba ta san ana makoki ba. Ya ɗauko Inna ya zaunar da ita a gaba, ya gyara mata matashi, ya tayar da mota. Suka bi hanyar da suka saba, mai ramuka daga kwanar makaranta har gadar ƙarfe. Ta riƙe ƙofa, tana jiran girgizar da ta saba.

Bayan sun wuce gadar ta saki ƙofar.

"Babba, yau bayana bai ji hanya ba. An gyara motar ne?"

"An gyara, Inna."

"Wa ya gyara?"

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. "Auta."

"Ka ji ɗan albarka," ta ce, ta gyara zama ta jingina sosai. "Wato ya ji maganata ke nan. Kullum sai ya yi kamar ba ya ji."

Mai-Sawu ya sauka gefen hanya ya tsaya, domin ya daina ganin titin.